Baƙin Na'omi

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, bayan doguwar rigimar tazarce, abin da ya fi damun mutanen Maraɗi ba siyasa ba ce, hatsi ne. Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri, gero bai nuna ba, rumbuna da yawa sun ƙare tun sanyi bai fita ba. Da bazara ta shigo, kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran hadari.

Shamsu ba manomi ba ne. Aikinsa hawan antan, wato dogayen ƙarafan nan da kamfanonin salula suka kakkafa a birni da ƙauye. Shi ke ɗaure abin da ya kwance a sama, ya canza fitilar da ta mutu, ya shafa fenti inda tsatsa ta ci. Gidansu yana Sabon Gari, shi da mahaifiyarsa Atika da matarsa Rahma, wadda cikinta na fari ya tsufa.

Wata ranar Litinin yana saukowa daga antan ɗin Jiratawa, gonakin noman rani sun yi kore shar a ƙarƙashinsa, sai ya hangi motar shef ɗinsa, wato shugabansa a wajen aiki, Maman Lawali, ta tsaya a bakin shinge. Maman Lawali mutum ne mai tsari. Ba ya ɗaga murya, amma kuma ba ya mantuwa. Tun Shamsu bai kwance ɗamarar hawa ba ya kama hannunsa ya juya tafin sama.

"Ina safar hannu?"

"Shef, da wannan zafin? In na sa ta, dahuwa hannuna yake yi."

"Gara ya dahu da ƙarfe ya tsage maka shi. Doka ta ce hula, ɗamara, safar hannu. Ba ni na rubuta ta ba, amma ni za a tambaya."

"Ai waccan ɗin ma ta yage tun bara."

"Ka gaya mani?"

"Na yi niyya."

Maman Lawali ya girgiza kai, ya ce zai karɓo mashi sabuwa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Masu binciken hukuma za su zo daga Yamai ranar Alhamis, kuma sababbin mahukunta ba su son wasa: duk antan ɗin da bai cika ƙa'ida ba, rufe shi za a yi har sai an gyara. Ya shiga lissafa ƙa'idojin kamar mai biya wa yara karatu. Fenti ja da fari ya fito sosai. Jar fitila ta ganu ta kowane gefe, saboda jirgin sama. Wayar da ke kai tsawa ƙasa kada ta tsinke. Shinge ya rufu. Kada a bar ciyawa ko kara kusa da wayoyin wuta.

"Kuma an ce mani wani tsuntsu ya tara kara a kan na Tibiri, daidai wajen fitilar tsakiya. Gobe ka je ka zubar."

"Tsuntsu kawai? An gama, Shef."

Antan ɗin Tibiri yana bayan gari, jikin gidan wani tsoho mai suna Anuhu, ɗaya daga cikin Kiristocin garin. Ciwon yanar ido ya rufe idanun Anuhu, yana ganin haske da inuwa amma ba ya rarrabe fuska. Da ƙarar babur yake gane Shamsu, kuma tun zuwansa na farko suka ɗauki wasan kaka da jika.

"Birin kamfani ya iso," in ji tsohon daga kan tabarmarsa a ƙofar gida.

"Kaka, ina kwana? Har yanzu kana nan kana cinye mana hatsi?"

"Wane hatsi? Leƙa rumbun ka gani. Ɓeran ma ya yi mani sallama, ya ce zai koma Maraɗi wajenku masu kuɗi."

Shamsu ya yi dariya, ya kafe babur, ya durƙusa suka gaisa sosai. Ya lura yau fuskar tsohon a sake take, abin da bai gani ba tun rasuwar matarsa Na'omi cikin sanyin da ya wuce.

Inda antan ɗin yake tsaye, da can wata babbar tsamiya ce. Kowace bazara, in damina ta kusa, shamuwoyi sukan zo su yi sheƙa a kanta, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, sai kaka ta yi su tafi da ƴaƴansu. Na'omi takan ce da su baƙinta. Ranar da ta fara ganinsu takan fito da iri ta shanya, duk unguwa kuma ta san lokacin sharar gona ya yi. Da mutanen kamfani suka zo neman wurin, suka ce sai an sare tsamiyar, don doka ba ta yarda da itace cikin shingen antan ba. Anuhu ya ƙi. Na'omi ce ta sa baki. Ɗiyarsu guda, Yunice, tana aikin asibiti a Agadas, sai a shekara ba a ji muryarta ba, ga shi a lokacin sai an je Maraɗi ake samun rezo mai kyau, wato layin salula.

"Tsamiya ba ta ce mani Inna," in ji Na'omi. "A sare."

Aka sare, aka kafa ƙarfe, ta kuwa samu muryar ɗiyarta kowace Lahadi bayan an taso daga majami'a. Amma shamuwoyin ba su ƙara zuwa ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai duk bazara akan gan ta tsaye a tsakar gida, hannu a goshi, tana duban sama.

Anuhu ya laluba ya kama hannun rigar Shamsu.

"Ka ji labari? Baƙin Na'omi sun dawo. Ni ban gan su ba, na dai ji fukafukansu, amma Tasalla maƙwabciyata ta ce su ne. Sun zo ba su tarar da tsamiya ba, ba su tarar da ita ba, kuma suka zauna. Ka hau a hankali, kada ka firgita su."

Shamsu ya sauke kayan aikinsa daga babur. Ya ɗaura ɗamara, ya buɗe ƙofar shinge, ya fara hawa.

A tsakiyar ƙarfen akwai wani ɗan faffaɗan wuri inda mai hawa kan tsaya ya huta. Nan sheƙar take, tulin ƙirare da busasshiyar ciyawa, faɗinta ya kai faifai biyu. Shamuwar ta miƙe a kan dogayen ƙafafunta, bayanta baƙi, cikinta fari, ta matsa gefe kaɗan tana kallonsa da ido ɗaya. Ba ta tashi ba. A tsakiyar sheƙar ga ƙwai uku. Shamsu ya duba da idon aikinsa, ya ga abin da shef ɗinsa zai gani: ƙiraren sun hau kan wayar wuta, gefe guda kuma ya rufe jar fitila ruf. Ya ɗaga kai ya dubi nesa. Ko'ina cikin gonakin Tibiri mutane sun fito da magirbi da manjagara suna shara, hayaƙin ƙona ƙaya yana tashi nan da can. Sun ga shamuwa, sun yarda ruwa na tafe.

Ya miƙa hannu, ya janye. Ya sauko bai taɓa ko tsinke ba.

"Me ka gani?" in ji Anuhu.

"Ƙwai uku, Kaka."

Tsohon ya yi murmushi har dasashinsa ya bayyana. Can ya ce, "To kai me ya kawo ka yau? Ba lokacin zuwanka ba ne."

Shamsu ya yi tunanin ya ce fitila ya zo dubawa, amma bakinsa ya ƙi. Ya zauna a gefen tabarmar ya gaya mashi gaskiya, da zuwan masu bincike, da umarnin da aka ba shi. Anuhu ya saurara har ƙarshe. Murmushin ya tafi a hankali.

"To," in ji shi. "Ƙarfensu ne. Ka sha ruwa kafin ka kama hanya, rana ta yi."

Da a ce faɗa tsohon ya yi, da Shamsu ya fi samun sauƙi.

Ya isa gida ana shirin cin abincin rana. Ya wanke hannu, ya sa a kwano, ya kasa kai loma baki. Atika ta tambaye shi ko zazzaɓi ne. Da ya ba su labari, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Sheƙar shamuwa? Da ƙwai a ciki? Kai da matarka ke yau ko gobe? Tun muna yara ko tsakuwa ba a jifar shamuwa da ita. Mijin mai ciki kuwa, ko ƙadangare ba ya kashewa."

"Inna, malamai sun ce wannan camfi ne."

"To, camfi ne, na ji. Tausayin ma camfi ne?"

Rahma tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta jingina da bango. Ita ba mai yawan magana ba ce a gaban surukarta, amma ta ce, "In ka ƙi, me zai faru?"

"Wani za a aika. Idirisa abokin aikina ko tambaya ba zai yi ba, da ƙafa zai ture ta."

"In kuma ba wanda ya taɓa ta?"

"A rufe antan. Tibiri ta rasa rezo, tsohon ya daina jin ɗiyarsa. Ni kuma Shef ya san abin da zai yi da ni."

Rahma ta ɗora hannu a kan cikinta tana shafawa. "Dokar nan," in ji ta, "cewa ta yi a zubar, ko cewa ta yi a sauke?"

"Ba duk ɗaya ba ne?"

"Ranar da muka taso daga gidan haya, kwanonina sauke su kuka yi daga mota, ko zubar da su kuka yi?"

Atika ta yi dariya har da tafa hannu. Shamsu ya dubi matarsa, ya dubi kwanon abinci, ya miƙe ya ɗauki makullin babur.

"Ka ci tukuna mana!" in ji Atika, amma ya riga ya fita.

Ya samu Maman Lawali a ofis, ya maimaita mashi tambayar Rahma yadda ta yi ta. Shef ɗin ya cire tabarau ya murza ido.

"Da Faransanci aka rubuta ta. Abin da ta ce, kada a bar wani abu a kan ƙarfen wanda ba na aikin ba ne. Zubarwar tawa ce, ni na faɗa." Ya mayar da tabarau. "Ba ta ce ga inda za a kai shi ba. Shamuwa ka ce?"

"Da ƙwai uku."

"A gidanmu can ƙauye akwai su, a kan gawo. Tashi mu je in gani."

Da la'asar suka isa Tibiri. Maman Lawali ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa gaban Anuhu, suka gaisa, ya yi mashi gaisuwar rashin da aka yi. Sannan ya yi bayani dalla-dalla, bai ɓoye komai ba.

"Baba, ba zan ce maku za a bar ta a can ba, don ba za a bari ba. Fitilar nan ita ke gaya wa mai jirgi akwai ƙarfe a gabansa, ga filin jirgin Maraɗi nan kusa. Ƙiraren kuma a kan wayar wuta suke. Ko da ba masu bincike, iskar farkon damina ta kaɗa, tartsatsi ɗaya ya tashi, da sheƙar da ƙwan duk wuta za ta cinye. Abin da nake so mu yi, mu sauke ta lafiya, mu ba ta wani wuri."

"Wane wuri? Itacen da ya rage mana duk gajeru ne."

Shamsu ya nuna tsakar gida, sannan ya tuna tsohon ba ya gani. "Kan rumbunka, Kaka. Tun da ɓera ya tashi, ai akwai ɗakin haya."

Anuhu ya ɗan yi murmushi. Ya ce akwai babban kwandon da Na'omi ke kai tumatir kasuwa da shi, yana rataye a ɗakinta, zai ɗauki sheƙar. Sai kuma ya tsaya, ya girgiza kai.

"A'a. Ba za ta yiwu ba, ƴaƴana. Shamuwa ba ta komawa sheƙar da hannun mutum ya taɓa. Warinsa take ji. Haka muka taso muka tarar, haka Na'omi ke gaya wa yaran unguwa. Ku sauke ta, ku aza ta a kan gadon sarki ma, ba za ta dube ta ba. Ƙwan su lalace a gabanmu muna kallo."

Shamsu ya dubi tafin hannunsa, duk kanta da tsatsa da maiƙon ƙarfe. Bai san ko maganar gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce, kuma bai ga wanda zai tambaya ba.

Maman Lawali ya tashi, ya nufi mota. Ya dawo da wani abu cikin leda wadda ba a ko yage ba, ya sa a hannun tsohon.

"Mene ne wannan?"

"Safar hannu ce, Baba, ta fata. Doka ta hana yaron nan ya hau ƙarfe da hannu tsirara. Shi ne dai ba ya jin magana. Yau na karɓo mashi, ba wanda ya taɓa sa ta."

Anuhu ya yage bakin ledar kaɗan, ya kai hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Ba warin kowa," in ji shi. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ke girgiza kafaɗu. "Ashe gwamnati ta san da shamuwa! Kai biri, ka ji? Saboda baƙin Na'omi aka yi dokar nan, kai kuma kana ta taka ta."

"Na tuba, Kaka."

"Ba ni za ka gaya wa ba, ga shef ɗinka nan."

Suka yanke a yi aikin da sassafe, kafin rana ta yi zafi, don kada ƙwan su daɗe a buɗe. Kafin magariba maƙwabta sun kafa gwafanni a gefen rumbun, sun gitta itace a saman jinkarsa yadda kwando zai zauna daram.

Gari na wayewa Shamsu ya iso, ya tarar Maman Lawali ya riga shi. Ya sa hula, ya ɗaura ɗamara, ya zura safar hannu, Anuhu ya laluba ya tabbatar ta rufe har wuyan hannu. Ya ɗauki igiya da puli, ƴar tayar ƙarfen nan da ake jan kaya sama da ita, da wata ƙaramar ƙwarya da Tasalla ta cika da ƙaiƙayi. Tasalla mace ce mai jiki da murya, ita ke kawo wa Anuhu abinci tun da ya zama shi kaɗai.

Wannan karon da Shamsu ya kai wurin, shamuwoyin biyu ne, kuma duk suka tashi. Suka shiga kewaya antan ɗin, inuwarsu tana wucewa ta kansa. Ya yi bisimilla, ya ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya ya nutsa su cikin ƙaiƙayi. Ko ta cikin fatar yana jin ɗuminsu. Ya fara sauke ƙwaryar. Sannan aka turo mashi kwandon, ya zura hannuwa biyu ƙarƙashin sheƙar ya ɗaga. Gefe guda ya warware, ƙirare suka zuba, aka ji Tasalla daga ƙasa tana cewa, "Wayyo, a hankali, ɗan nan!" Ya tattara abin da ya samu, ya gyara cikin kwandon yadda tsakiyar mai laushi ba ta ɓaci ba.

Maman Lawali ne ke riƙe da igiya a ƙasa. Ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, kwandon yana juyawa a iska, rigarsa ta ofis ta jiƙe da gumi. Shamsu ya share wurin tas, ya goge fitilar, ya duba wayar, ya sauko. Ya hau tsani ya aza kwandon a kan rumbu, ya ɗaure shi, ya mayar da ƙwan uku tsakiya. Sannan kowa ya ja da baya, suka taru a inuwar zaure, aka kori yara, aka yi tsit.

Shamuwoyin suka koma kan antan. Suka sauka daidai inda sheƙar take da, suka tsaya a kan ƙarfe tsirara, ɗaya tana sunkuyar da kai tana duba wurin.

"Sun sauko?" in ji Anuhu.

"Tukuna, Kaka."

Rana ta ɗaga. Inuwar zauren ta fara janyewa daga ƙafafunsu. Shamsu yana kallon kwandon, yana ganin hasken ya kai bakinsa, ya san in zafin bazara ya sauka a kan ƙwan ba uwa a kansu, aikin ya tashi a banza. Gumi ya cika safar hannun, amma bai cire ba. Ya tuna Rahma da ƙafafunta, ya kawar da tunanin.

"Sun sauko?"

"Suna nan dai a sama."

Maman Lawali ya duba agogo, ya mayar da hannun aljihu kamar wanda aka kama da laifi.

Tasalla ce ta gaji. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani.

"Ku kam kun yi jugum kamar gidan makoki. Wa ya taɓa ganin shamuwa a kufai? Tsuntsuwar mutane ce, inda ake motsi nan take zama. Baban Yunice, da war haka me ake yi a gidan nan?"

"Daka," in ji Anuhu a hankali. "Da war haka tana daka a gindin tsamiya."

Tasalla ta shiga madafi ta mirgino turmin Na'omi, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarta. Ta kakkaɓe ƙura da yanar gizo, ta girke shi nesa kaɗan da rumbun. Ba gero a gidan, ba a kuma daka turmi wayam, sai ta leƙa gidanta ta ɗebo dusa cikin tafin hannu biyu ta zuba. Ta ɗaga taɓarya.

Turmin yana da wata ƴar tsaga a gefe, saboda haka ƙararsa daban take da ta sauran turamen unguwa, kowane bugu yana da ɗan amo a bayansa. Da Anuhu ya ji, sai ya juya fuskarsa wajen bango. Ba wanda ya dube shi. Bayan ɗan lokaci ya share ido da gefen rigarsa, ya dogara sanda ya fito tsakar gida, ya ɗaga kai wajen da yake jin antan ɗin yake. Ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da matarsa kan faɗa kowace shekara.

"Sannunku da hanya, baƙina. Kun same mu lafiya. Ku sauko, gida naku ne."

Tasalla ba ta daina daka ba.

Ɗaya daga cikin shamuwoyin ta buɗe fukafukai. Ta kewaya gidan, ta sake kewayawa ƙasa-ƙasa, ta sauka a kan katanga. Ta daɗe a nan tana karkata kai. Sannan ta yi tsalle ɗaya ta dira a bakin kwandon. Ta taka gefensa, ta ja wani tsinke ta mayar da shi wani wuri, kamar matar da aka gyara wa ɗaki ba ta nan. Ta sa baki ta jujjuya ƙwan. Ta naɗe ƙafafu, ta kwanta a kansu.

Shamsu ya matso kusa da kunnen tsohon.

"Kaka, ta kwanta."

"Ka tabbata?"

"Ga ɗayar ma ta taho, da ƙirare a baki."

Anuhu ya ji saukarta da kunnensa, ya ji su suna kaɗa baki ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ya sa hannu aljihu ya ciro tsohuwar salularsa, wadda aka ɗaure da roba, ya miƙa wa Shamsu.

"Kira mani Yunice."

Shamsu ya yi ta danna maɓallan da manyan yatsun fata, yana danna biyu a lokaci ɗaya. Maman Lawali ya ce, "Yanzu kam doka ta yarda ka cire." Ya ja safar da haƙori, ya nemo sunan, ya mayar wa tsohon.

"Baba? Lafiya? Yau ba Lahadi ba ce."

"Lafiya lau. Yi shiru ki saurara."

Ya ɗaga salular sama, ya juya ta wajen rumbu don ta ji tsuntsayen. Amma sun riga sun yi shiru. Ba abin da ke tashi a tsakar gidan sai taɓaryar Tasalla. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar da wayar kunne.

"Baba," in ji Yunice daga Agadas, "turmin Inna ne nake ji?"

"Shi ne, ɗiyata. Baƙinta sun iso."